RA'AYINMU: Ka Tuna da Wanda Zai Shiga Bayanka

A wannan fitowa za mu yi magana ne a kan wani wuri wanda Bahaushe ba ya son kama sunansa. Saboda kunya ya yi ta laƙaba masa sunaye, wani ya ce makewayi, wani ya ce bayan gida, wani ban ɗaki, wani kuma ya ce zai je ya kama ruwa. Kunya ado ce, amma in ta hana a faɗi abin da ke cutar jama'a, to, ta zama illa. Saboda haka muna neman gafarar masu karatu, yau sai mun faɗa.

Duk wanda ya taɓa shiga gidan wanka da bahaya a wajen Kasuwar Kurmi ko Ƙofar Wambai, ko makewayin wani masallaci bayan an sauko daga Juma'a, ko na ofis, ko na ɗakunan kwanan ɗalibai, ya san abin da muke nufi. Sai ka tarar mutum ya fito fes, da farar riga da hula kube, yana ƙamshin turare, amma abin da ya baro a ciki ko maƙiyinsa ba zai so ya gani ba. Wannan mutum a gidansu ba ya yin haka, domin can akwai uwa ko mata da za ta yi masa magana. Abin da ya sa ya yi a nan shi ne ganin da yake yi wurin ba na kowa ba ne, alhali kuwa na kowa da kowa ne.

Mu fara da masan nan na zama, irin na tangaran, wanda ake kafawa a ofisoshi da makarantu. Yawancinmu a kan salga muka tashi, da tsuguno muka saba, kuma babu abin kunya a cikin wannan. Amma shi wannan masai don zama aka yi shi. In mutum ya hau kansa da takalmi ya tsuguna, nauyinsa duka ya taru a gefen tangaran ɗin, yau da gobe sai ya tsage, ran da ya fashe kuwa kaifinsa ya isa ya yi wa mutum mummunan rauni. Ko bai fashe ba, ya bar wa na bayansa sawun takalmi a inda zai zauna. To, shi ma na bayan da ya ga haka sai ya ce ba zai zauna ba, sai ya hau. Haka abin ke tafiya har masan ya mutu, a rufe ƙofar da kwaɗo, mutum ɗari su koma layi a ƙofa ɗaya.

Ladabin wannan masai kaɗan ne, ba ya bukatar digiri. Mai fitsari ya ɗaga mazaunin kafin ya fara, ko kuwa ya zauna. Wanda ya yi tsarki da buta ya jiƙa mazaunin ya goge shi. Wanda ya gama ya kora ruwa, ya tsaya ya ga abin ya tafi, sa'an nan ya rufe murfin. In tankin babu ruwa, ya ɗebo a bokiti ya zuba da ƙarfi gaba ɗaya. Kada a jefa dutse, ko totuwa, ko leda, ko tsumma, ko takardar jarrabawa a ciki. Dalili kuwa shi ne, a ƙarƙashin masan akwai wani lanƙwasasshen bututu wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa kullum, shi ne ke tare wari da ƙuda kada su taso daga rami. A wannan lanƙwasa ne duk abin da ba ya narkewa yake maƙalewa, daga nan sai toshewa, sai ambaliya.

Wani zai ce, ashe mujallar ɗaliban jami'a ta rasa abin faɗa sai zancen masai? Amsarmu ita ce, zancen masai zancen rai ne. Cutar amai da gudawa, watau kwalara, daga bayan gidan mai cutar take fitowa, ta bi ruwa, ko hannu, ko ƙafar ƙuda, ta shiga bakin mai lafiya. Tun 1854 wani likita a birnin Landan, John Snow, ya bi sawun masu mutuwa a wata unguwa har ya gano daga famfo ɗaya suke sha. Annobar ta shigo Afirka ta Yamma a 1970, ta bazu a Nijeriya a 1971, kuma tun daga nan ba ta yi sallama da mu ba. A 2021 kaɗai an ƙidaya sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a ƙasar nan, sama da 3,000 suka rasu, kuma Kano na cikin jihohin da abin ya fi tsananta. A cikin birni, inda gida ke manne da gida, rijiya na kusa da salga, kwata na gangarawa Jakara, kududdufai na cika da damina, hannu ɗaya da ba a wanke ba ya isa ya kwantar da lungu guda.

Ba yau Kano ta san wannan ba. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, farkon shekarun 1930, aka jawo ruwan famfo daga Chalawa zuwa birni, aka kuma buɗe Makarantar Koyon Tsafta a 1932. Iyayenmu suna ba da labarin duba-gari, waɗanda ke shiga gida su leƙa randa, su duba salga, wanda aka samu da ƙazanta a ci shi tara. A watan Yuli na 1985, a nan Kano Janar Tunde Idiagbon ya ƙaddamar da sashen tsaftar muhalli na Yaƙi da Rashin Ɗa'a. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta kafa doka da nufin a daina bahaya a fili kafin ƙarshen 2025, a 2022 kuma aka ba maƙwabciyarmu Jigawa shaidar zama jiha ta farko da ta kai ga haka. Abin lura a nan shi ne, gina masai rabin aiki ne. In aka gina, masu shiga suka ɓata shi har ya gagari shiga, mutane za su koma gindin ganuwa da bakin kwata, kuɗin da aka kashe ya tafi a banza.

Abin mamaki kuwa, babu wanda zai ce ba a koya masa ba. Yaron da ya fara karatun littattafai a zaure, da Ahalari da Ishmawi yake farawa, kuma zancen tsarki ne a gaba. An koya mana da ƙafar da za mu shiga da wadda za mu fita, an kuma yi mana kashedi mai tsanani a kan ɓata hanyar mutane da inuwar da suke hutawa. Wanda ya kiyaye shiga da ƙafar hagu, amma ya bar wa ɗan'uwansa najasa a inda zai taka, ya riƙe ɓawo ya yar da ƙwaya.

Ba mu ce laifin duka na masu shiga ne ba. Hukumar da ta kafa masan zama a ginin da famfonsa ke yin mako bai ɗiga ba, ita ta fara ɓata shi. Muna kira ga shugabannin makarantu da ofisoshi, da kwamitocin masallatai, da masu gidajen wanka da bahaya, su fi yawaita masan tsuguno, wanda jama'a suka saba da shi kuma bai cika cin ruwa ba, su bar ɗaya na zama saboda tsofaffi da marasa lafiya da masu juna biyu. A ajiye duro cike da ruwa, da buta, da sabulu a bakin ƙofa, in sabulu ya gagara ko toka ta fi babu. A ware wa mata nasu, mai ƙyaure da sakata da fitila. Mai karɓar kuɗin shiga kuma ya sani kuɗin tsafta yake karɓa. Su kuwa masu wanke wuraren nan, yawancinsu sa'annin iyayenmu ne, a biya su a kan kari, a ba su safar hannu da takalmin roba, mu kuma mu riƙa gaishe su.

Daga ƙarshe, ya kai ɗan'uwa ɗalibi, gobe kai ne akawu, kai ne sakatare, kai ne za a danƙa wa asibiti ko ma'aikata. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Muna zagin manya a kan yadda suke yi wa dukiyar jama'a, to, ga dukiyar jama'a nan a ƙarshen barandarmu, babu ɗan sanda, babu duba-gari, daga kai sai Ubangijinka. Kafin ka buɗe sakata, waiwaya ka duba, ka tambayi kanka ko za ka yarda mahaifinka ya shiga bayanka.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.