Daga Legas zuwa Matsinkai: Su wa ke da bokitin fentin da kake saya?

Da zarar an gama girbin shinkafa a fadamun Bagudo kuɗi suka shiga hannu, kasuwar kayan gini takan motsa. Wani zai gyara ɗakin amarya, wani zai sabunta shago, jama'ar unguwa kuma su haɗa kuɗi a shafe masallaci kafin azumi. A garuruwa irin Matsinkai, Ka'oje, Lolo da Tsamiya, fenti na cikin kayan da ake nema a wannan lokaci.

Mai saye yakan tambayi launi da farashi kawai. Ba kasafai yake tambayar wanda ya mallaki kamfanin da sunansa ke jikin bokitin ba. Amma a 'yan shekarun nan amsar wannan tambaya ta sauya sosai, a Najeriya da ma duniya, kuma sauyin yana da alaƙa da abin da ake zuba wa mutum a bokiti.

Manya na haɗiye manya

A 2017 kamfanin Sherwin-Williams na Amurka ya sayi takwaransa Valspar kan dala biliyan 11.3. A shekarar ce kuma PPG ya yi ta zawarcin AkzoNobel na ƙasar Holan, mai fentin Dulux, amma aka ƙi tayinsa. A watan Nuwamban 2025 sai ga AkzoNobel ɗin ya sanar da shirin haɗewa da Axalta na Amurka.

Shi Axalta yana da tarihin da ya kamata a duba. Asalinsa sashen fenti ne na kamfanin DuPont. A 2013 wani kamfanin jari mai suna Carlyle ya saye shi kan dala biliyan 4.9, ya sauya masa suna, ya kai shi kasuwar hannun jari, sannan ya sayar da kasonsa ya fita. Carlyle ɗin ne dai, tare da hukumar zuba jari ta ƙasar Qatar, ya ƙulla cinikin sashen fentin motoci na BASF a watan Oktoban 2025.

Irin su Carlyle ba masu yin fenti ba ne. Aikinsu ya fi kama da na mai turka rago: ya saya, ya ɗaure, ya ciyar, yana lissafin ranar da zai kai kasuwa tun daga ranar da ya saya. Sukan tara kuɗi daga asusun fansho da attajirai, su ƙara da bashin banki, su sayi kamfani, su rage kashe kuɗi, su rufe rassan da ba sa kawo riba, bayan wasu shekaru su sayar. Sau da yawa bashin da aka ci don sayen kamfanin a wuyan kamfanin yake komawa.

Wani lokaci turkar takan yi kyau, kamar yadda aka gani a Axalta. Wani lokaci kuma ragon kan mutu a turke. Kelly-Moore, tsohon kamfanin fenti na Amurka da aka kafa a 1946, ya koma hannun kamfanin jari na Flacks Group a 2022. A watan Janairun 2024 ya rufe dukkan shagunansa, yana mai ɗora laifin a kan tsoffin shari'o'in diyya da suka yi masa katutu. A ƙarshen shekarar ne kuma PPG ya sayar da sashensa na fentin gidaje a Amurka da Kanada ga wani kamfanin jarin, American Industrial Partners, kan dala miliyan 550.

Yadda abin ya iso Najeriya

A nan gida labarin ya ta'allaƙa ne a kan UAC, tsohon kamfanin nan da iyayenmu suka sani tun zamanin cinikin gyaɗa. UAC ne ke da kaso mafi tsoka a CAP, kamfanin da ke yin Dulux a Najeriya bisa lasisin AkzoNobel. A 2013 UAC ya sayi rinjayen hannun jarin Portland Paints, mai fentin Sandtex. Shekara takwas kamfanonin biyu suna zaune a gida ɗaya kowa da tukunyarsa, sai a ranar 1 ga Yulin 2021 aka narkar da Portland a cikin CAP. Tun daga lokacin Dulux da Sandtex kamfani ɗaya ne ke yin su.

Wannan haɗewa ba ta faɗo daga sama ba. A 2018 kamfanin jari na Themis Capital ya shiga UAC da ƙarfi, a watan Afrilun 2019 kuma wanda ya kafa shi, Fola Aiyesimoju, ya zama shugaban rukunin. Kafin nan ya yi aiki da KKR, ɗaya daga cikin manyan kamfanonin jari na Amurka. Abin da ya biyo baya ya yi daidai da salon da aka sani: a 2020 UAC ya sayar da rinjayen kasonsa a kamfanin gidaje na UPDC, a 2021 aka haɗe kamfanonin fenti biyun, a 2025 kuma ya sayi CHI, mai yin Chivita da Hollandia, daga hannun Coca-Cola.

Adalci shi ne a faɗi cewa Themis bai yi saye-ka-gudu ba. Ya zauna, kuma haɗe masana'antu biyu masu sayen kayan haɗi iri ɗaya da dalar da ke wuyar samu abu ne mai ma'ana a lissafin kasuwanci. Sannan kasuwar Najeriya ba ta zama ta mutum ɗaya ba. Berger Paints yana nan tun 1959, ga Meyer, ga masu Finecoat, ga ɗimbin ƙananan masu haɗa fenti. Sai dai a saman kasuwar, wato fentin da ake rubuta sunansa a takardun kwangila, 'yan takara sun ragu da ɗaya.

Me ya shafi mai shago a bakin iyaka?

Idan aka tambayi masu sayar da kayan gini abin da ya ɗaga farashin fenti, ba haɗewar kamfanoni za su fara ambata ba, kuma gaskiyarsu. Dala ce. Sinadarin da ke ba fenti haske da ƙarfin rufe bango, wanda ake kira titanium dioxide, daga waje ake shigo da shi, haka ma yawancin ƙaron da ke riƙe fenti a jikin gini. Lokacin da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Ga kuɗin mota daga Legas, ta Jebba da Mokwa da Kontagora da Yawuri, bayan cire tallafin mai. Kafin bokiti ya tsallaka kogin Kwara ya isa yankin Matsinkai, hannaye da dama sun ɗora ribarsu a kai.

To ina ruwan batun mallaka? A ganina yana shigowa ta ƙofar da ba a cika kallo ba.

Kamfanin da masu jari ke auna shi da ribar kowace naira yakan bi inda kuɗi suke. Manyan shagunan haɗa launi da kwamfuta a Legas, Abuja, Fatakwal da Kano ake buɗe su, inda ake gina rukunin gidaje da otal-otal. Ƙaramin ɗan sari a ƙaramar hukumar da ke bakin iyaka, wanda ke son a ba shi kaya bashi ya biya bayan kaka, ba ya cikin wannan lissafi. Idan kamfanoni biyu da a da suke gasar neman dillalai suka zama ɗaya, dillalin ya rasa damar cewa zai koma wajen ɗayan.

Gurbin da manyan suka bari ba ya zama wofi. Ƙananan masu haɗa fenti ne ke cike shi, wasu da rajista, wasu a bayan gida. Akwai masu aiki da gaskiya a cikinsu, kuma su ne suka sa talaka ke iya shafe ɗakinsa. Amma hanyar rage farashi a fenti mai ruwa sananniya ce: a rage ƙaro da sinadarin haske, a ƙara garin farin dutse da ruwa. Sakamakon shi ne bangon da ke zubar da gari idan ka jingina da shi, wanda damina ɗaya ke wankewa. Mutum ya sayi bokiti uku masu araha a shekara uku, alhali ɗaya mai kyau zai kai shi. Araha dai ba ta ado.

Wanda ya fi wannan muni shi ne batun gubar dalma. Wasu launukan fenti mai mai, musamman ja da ruwan ɗorawa, ana iya yin su da sinadarai masu dalma saboda sun fi sauƙin kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗin cewa dalma na lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma irin wannan fenti ake shafa wa ƙofofi, tagogi da kujerun makarantun firamare. Arewa maso yamma ta san illar dalma tun abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka mutu, duk da cewa wancan daga haƙar zinariya ya samo asali.

Iyaka kuma tana da nata tasirin. Mutanen Tsamiya da Segbana ta Jamhuriyar Benin kasuwa ɗaya suke ci tun kafin a shata layi, kuma kaya kan bi duk ɓangaren da kuɗinsa ya fi ƙarfi. Faɗuwar naira ta sa kayan Najeriya sun yi wa mai riƙe da sefa araha, don haka mai saye a Bagudo yana gogayya da mai saye daga tsallake a kan kaya ɗaya. Rufe iyakokin da gwamnatin Buhari ta yi a watan Agustan 2019 ya nuna yadda umarni ɗaya daga Abuja ke iya birkita wannan ciniki.

Aikin da ke gaban hukumomi

Afirka ta Kudu ta nuna cewa ana iya taka wa manya burki. A 2022 AkzoNobel ya amince zai sayi harkokin Kansai Paint na Afirka, wato fentin Plascon. Hukumomin kula da gasar kasuwanci na ƙasar suka ce haɗa Dulux da Plascon a hannu ɗaya zai rage gasa, kuma a ƙarshen 2023 aka fasa cinikin.

Najeriya ma tana da irin wannan hukuma, FCCPC, wadda dokar 2018 ta ba ta ikon duba duk wata babbar haɗewar kamfanoni. Idan wani cinikin ya sake tasowa a harkar fenti, bai kamata a tsaya ga lissafin kason kasuwa na ƙasa baki ɗaya ba. A duba jihohi irin Kebbi, inda dillalan manyan kamfanoni ba su da yawa. Ita kuma SON, aikinta ba a bakin masana'antun Ikeja ya ƙare ba. Bokitin da ke kasuwar ƙauye ne ya fi buƙatar gwaji.

Gwamnatocin jihohi suna da makami mafi sauƙi a hannunsu, domin su ne manyan masu sayen fenti a karkara ta hanyar gyaran azuzuwa da ƙananan asibitoci. Hukumar SUBEB ta Kebbi na iya sharɗanta wa kowane ɗan kwangila ya kawo shaidar gwajin dalma da ta inganci kafin a biya shi, ko daga babban kamfani ya sayo fentin ko daga ƙarami. Hakan zai buɗe ƙofa ga ƙananan masana'antun arewa masu aiki da gaskiya, waɗanda wani ɓangare na kayan haɗinsu yana kusa da su: farin dutse a Sakkwato, farar ƙasa a Ƙanƙara ta jihar Katsina.