Yaron Da Ba Ya Duban Idon Malam

Malaman makaranta na Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, da wuya a sami ɗaya daga cikinku wanda bai taɓa gamuwa da irin yaron nan ba. In an buga ƙararrawa sai ya toshe kunnuwansa. In an yi masa magana ba ya duban ido, yana ta rausaya a kan benci, amma kuwa lissafin da ya gagari 'yan aji shi ne mai warware shi. A gida a ce gaɓo ne, waɗansu su ce shafar iska ce, har akwai masu cewa ɗan ruwa.

Likitoci suna kiran wannan hali otizim, masu watsa labarai kuwa sukan ce galahanga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta a 2023 cewa kamar yaro 1 cikin 100 ke da shi. Ashe makarantar da ke da yara 600 ba ta rasa biyar ko shida.

Dā abin da ake nufi da jiyyarsu shi ne a tilasta musu su zama kamar kowa: a hana rausaya, a sa su duban ido dole. To, tun wajen ƙarshen shekarun 1990 wata masaniya 'yar Ostareliya, Judy Singer, da waɗansu masu wannan hali da kansu, suka yaɗa wani ra'ayi, watau ƙwaƙwalwar 'yan Adam iri-iri ce kamar yadda launin jiki yake iri-iri. Ra'ayin ya shiga cikin masu jiyya ta hanyar aiki, waɗanda sana'arsu ita ce koya wa mutum hidimar yau da kullum: sa riga, cin abinci, riƙe alƙalami, koyon sana'a. Yanzu mai bin wannan hanya yakan fara da tambayar abin da ke damun yaron, sa'an nan ya gyara wurin. Ƙara ce? A zaunar da shi nesa da ƙararrawa. Yadin rigar makaranta ne ke cizonsa? A ɗinka mai laushi. In saurayi ne ba ya jure hayaniyar kasuwar Shinkafi ran Alhamis, a aike shi da sassafe, ko a sa shi ga tela ko baduku inda aiki ke tafiya bisa tsari ɗaya. Rausayar kuwa a ƙyale shi, da ita yake kwantar da hankalinsa.

Amma fa a yi hankali. Ba kowane yaro mai jinkirin magana ke cikin wannan ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum, ta bar waɗansu da lahani a ƙwaƙwalwa. A 2024 kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara a Shinkafi da Zurmi, ta tarar ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara 5 tamowa ta kama shi. Ga sanƙarau, ga zazzaɓi mai sa suma. Waɗannan cututtuka ne, magani suke so da abinci. Wanda ya ce wa uwar irin wannan yaro ai halittarsa ce, ya cuce ta.

Doka dai ta motsa. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana wulaƙanta masu naƙasa, a Janairun 2023 kuma aka sami sabuwar dokar lafiyar hankali, wadda ta maye gurbin ta 1958. Tsakanin biyun ne, a 2019, 'yan sanda suka kwance mutane daga mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, kowa ya ga inda iyaye ke kai 'ya'yansu in dabara ta ƙare.

Sai dai doka ba ta koya wa yaro ɗaura tazuge. Makarantun da aka fi sani na koyon wannan sana'a suna Ikko da Ile-Ife. Asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya yana Kware, kusa da Sakkwato, hanya kuwa kun san halinta. A Satumban 2021 an rufe makarantun Zamfara saboda 'yan bindiga, yaron da duk natsuwarsa ta rataya ga abin da ya saba kullum, shi ya fi jin jiki in an yi gudun hijira.

Abin da muke gani zai yiwu yanzu shi ne kowane hedimasta ya rubuta adadin irin waɗannan yara, akawunan ƙananan hukumomin uku su tara, domin Gwamnati ba ta ware kuɗi ga wanda ba ya cikin littafi. Sa'an nan kowace hukuma ta zaɓi ɗalibi ɗaya ko biyu, mace da namiji, ta biya musu kuɗin karatu a Ikko, da sharaɗin su komo su yi aiki a babban asibitin garinsu.