Kuɗin neman kuɗi: 'ya'yan Bakolori da tallafin karatu

Ƙananan hukumomin da ruwan Bakolori ke shayarwa ba su taɓa rasa babban mutum ba. Tun da aka koma mulkin farar hula a 1999, uku daga cikin gwamnonin Zamfara biyar daga nan suka fito: Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi shekara takwas, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara ya yi takwas daga 2011, Bello Matawalle na Maradun ya yi huɗu zuwa 2023. Shekara ashirin ke nan cif. Da a ce kusanci da gidan gwamnati shi ke kai yaro jami'a, da yanzu Birnin Tudu da Yarkofoji da Rini sun cika da likitoci da injiniyoyi har ana neman inda za a kai su. Duk wanda ya ratsa waɗannan garuruwa ya san abin bai kai haka ba. Amma har gobe, in ka tambayi uba a kasuwar Mafara yadda ɗansa zai samu sikolashif, amsar ɗaya ce: "Ai Malam, sai kana da wani a sama."

Bari mu duba abin da "wani a sama" ya haifar. Gwamnatin Matawalle ta tura ɗalibai ƙasashen waje, ciki har da Jami'ar Cyprus International da ke arewacin tsibirin Cyprus. An yi bikin rakiya, an ɗauki hotuna, iyaye sun yi addu'a. Zuwa 2024 labarin da jaridu ke ɗauka shi ne bashin kuɗin makaranta ya taru, yara sun shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, wasu na aikin ƙarfi don su ci abinci. Gwamnatin Dauda Lawal ta ce bashi ta gada, ta shiga tattaunawa da jami'ar, ɓangarorin siyasa kuma kowa na nuna ɗan'uwansa da yatsa. Ni ba shari'ar wa ya yi laifi ce ta dame ni a yau ba. Abin lura shi ne karatun digiri shekara huɗu ne zuwa shida, kuma ba kasafai farkonsa da ƙarshensa ke faɗawa cikin wa'adin gwamna ɗaya ba. Tallafin da aka ɗaura a wuyan mutum, in mutumin ya sauka, sai ya sauka da shi.

Gwamnatin tarayya ma ba ta tsira ba. Ɗaliban da Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Tarayya ta tura Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungary da Masar ƙarƙashin yarjejeniyar BEA sun yi watanni ba alawus, a 2024 aka rage musu kuɗin wata daga dala 500 zuwa 220, a Afrilun 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da dakatar da shirin. TETFund ita ma ta dakatar da tura malaman manyan makarantu karatu waje daga farkon 2025. Wanda yake jiran waɗannan ƙofofi ya sani an turo su.

To ina mafita? Akwai ƙofofi da yawa da ba ruwansu da ɗan wane ne kai. Kuma abin da ke ba ni haushi shi ne da yawansu kamar don ɗan Bakolori aka gina su, shi kaɗai ne bai sani ba.

Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina dam ɗin Bakolori, aka fara a 1974 aka gama a 1978, da nufin shayar da kadada kusan 23,000. Iyayenmu sun biya farashinsa da gonakinsu da gidajensu, wasu da rayukansu: a Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa manoman da ke neman diyya a Birnin Tudu, gwamnati ta ce mutum 23 suka mutu, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Da magudanan suka cushe, injinan yayyafi suka lalace, sai da aka jira rancen Bankin Duniya na shirin TRIMING, wanda aka amince da shi a 2014, kafin a yi gyara mai ma'ana. Yaron da ya tashi a nan ya san yadda ake rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙasa, ya san rigimar da ke tashi in an toshe ƙofa da dare, ya san kacalla da yadda take cinye magudana, ya san ƙasar da ruwa ya kwanta a kanta har ta daina ba da amfani. Wannan sani shi masu ba da tallafi a fannin ruwa da noma suke nema da fitila.

Tarayyar Afirka tana da cibiyar nazarin ruwa da makamashi a Tlemcen ta Aljeriya, ƙarƙashin Jami'ar Pan African, tana ɗaukar nauyin ɗalibai 'yan Afirka masu digiri na biyu. Reshenta na kimiyyar rayuwa da ƙasa, har da noma, yana nan Ibadan. Jami'ar Bayero tana da Cibiyar Noma a Ƙasa Mai Ƙarancin Ruwa, wadda ta shiga jerin cibiyoyin ƙwarewa na Afirka da Bankin Duniya ya tallafa wa. A Wagadugu akwai makarantar injiniyan ruwa ta 2iE, a Holan akwai IHE Delft, Jamus kuma tana ɗaukar nauyin shirin WASCAL kan sauyin yanayi, da rassa a Minna da Akure da Yamai. Kai, ba sai an je nesa ba: Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, tana da tashar binciken noman rani a Talata Mafara. Masu bincike na zuwa daga Zariya su auna ƙasarmu, su rubuta kundin digirinsu a kanta. Ɗalibai nawa ne daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ko Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ko Jami'ar Jihar Zamfara da ke Mafara, suka taɓa shiga wurin su gaisa da malamin da gobe zai iya rubuta musu takardar shaida?

Ga Chevening na Ingila, mai ɗaukar nauyin digiri na biyu na shekara ɗaya. Yana neman ƙwarewar aiki ta shekara biyu, yana neman ka rubuta yadda ka taɓa jagorantar mutane, da abin da za ka yi in ka dawo. Yaranmu da yawa kan ji "jagoranci" su karaya, su ɗauka sai wanda ya yi aiki a ofis mai sanyi a Abuja. Saurayin da ya riƙe littafin ƙungiyar masu amfani da ruwa, ya sasanta manoma talatin kan ranar ban ruwa, ya fi da yawan masu ofis abin faɗa. Ga na Turkiyya, wanda ake nema kai tsaye daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, tun daga digirin farko har digirin digirgir. Ga na Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda, ga DAAD na Jamus, ga PTDF a gida ga masu fannonin da suka shafi mai da makamashi, ga Gidauniyar MTN ga ɗaliban kimiyya masu maki mai kyau a makarantun gwamnati, tana kuma da na ɗalibai makafi.

Duk waɗannan kyauta ake cike fom ɗinsu. Wanda ya ce ka turo kuɗi ya samo maka gurbi, ɗan damfara ne ko da rawani ya zo. Sai dai fom ɗin ne kyauta, isa gare shi ba kyauta ba ne, kuma nan ne ɗan talaka ke faɗuwa tun ba a busa usur ba.

Mu lissafa. Fasfo mai shafi 32 naira 100,000 ne tun Satumban 2025, bayan a 2024 an mai da shi 50,000. Takardar cikakken sakamako daga jami'a da kuɗinta, da kuɗin motar zuwa Sakkwato ko Gusau ko Zariya, sau da yawa ba zuwa ɗaya ba. Jami'o'in waje da yawa na neman jarrabawar Turanci ta IELTS, wadda kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin gidajen manoma, kuma ba a yin ta a Mafara. Ga takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, ga rantsuwar kotu saboda sunan da ke kan NIN ya saɓa da na WAEC, Muhammadu a nan, Mohammed a can, ranar haihuwa kuwa kowace takarda da tata. Ga data, ga kuɗin kafe, ga zuwa Abuja ko Kaduna in an kira ganawa, a kan hanyar da kowa ya san halinta. Kafin tallafin miliyoyi ya zo, sai an kashe dubbai ɗari da yawa, kuma ba tabbas. Duk mai noman rani ya san injin ban ruwa ba ya jawo ruwa sai an fara ɗura masa ruwa a ciki. Yaranmu injin suke da shi, ruwan farko ne babu.

Sannan a ƙara da abin da yaran wasu jihohi ba su sani ba. A Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ranar 1 ga Satumba aka kwashi ɗalibai a Kaya ta Maradun. Kwanaki kaɗan bayan haka aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya, daidai lokacin da ƙofar Chevening ke buɗe. Ga kuma shekarun da sakamakon NECO da WAEC ya kwana a hannun hukumomin jarrabawa saboda bashin da ke kan gwamnatin jiha, har sai da gwamnati mai ci, wadda ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Nuwamban 2023, ta biya. Yaron da ba shi da sakamako a hannu ba shi da abin liƙawa a fom. Masu ba da tallafi da yawa kuma suna da iyakar shekaru. Shekarar da ta wuce ta wuce.

Saboda haka shawarata ba ga gwamna take ba, ga mu take. Shirin TRIMING ya bar ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a sassan Bakolori, da shugabanni, da littafin rajista, da al'adar tara kuɗin ruwa. Babu wani tsari a wannan yanki da ya san kowane manomi da gonarsa kamar su. Me zai hana kowace ƙungiya ta buɗe asusu na biyu, wanda kowane manomi zai zuba tiya ɗaya ko biyu ta shinkafa a girbi, manyan manoma da 'yan kasuwar shinkafa su ba da buhu? Kada asusun ya ce zai biya kuɗin makaranta, ba zai iya ba, kuma nan ne rigima ke farawa. Aikinsa ya tsaya ga fasfo, takardar sakamako, kuɗin jarrabawa, kuɗin mota. Sharaɗi kuma a bayyane: makin yaro, da shaidar cewa ya fara cike fom. A karanta sunaye a taro, kowa ya ji. Wanda ya samu, ya mayar da abin da aka kashe masa daga alawus ɗinsa na farko. Zamfara na da Hukumar Zakka da Wakafi, malamanmu kuma sun fi ni sanin yadda za a tsara wannan a matsayin wakafi, don kada wani shugaba ya wayi gari ya ce kuɗin na gyaran mota ne.

Na san abin da za a ce. "Alhaji, mutanen da ke biyan kuɗin fansa ne za ka ce su tara na fasfo?" Magana ce mai nauyi, ba na raina ta. Amma waɗannan mutane ne dai ke haɗa gudummawar biki da ta suna, su gina masallacin Juma'a da tiya-tiya. Tiya biyu ba ta talauta kowa. Wani kuma zai ce in yaron ya tafi ba zai dawo ba. Wasu ba za su dawo ba, gaskiya ne. Chevening dai yana wajabta komawa gida na shekara biyu, kuma ko wanda ya zauna can, mahaifiyarsa a Rini take.

Ga wanda yake jami'a ko kwaleji a yanzu, kada ya raina asusun rancen ɗalibai na NELFUND. An sa hannu kan dokar a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a Mayu. Bashi ne, amma babu kuɗin ruwa a kansa, don haka masu tsoron riba su kwantar da hankali. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, biyan bashin kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Amfaninsa a wannan magana shi ne yana sa yaro ya zauna aji maimakon ya bar zangon karatu ya tafi kabu-kabu, domin makin shekarar farko da ta biyu shi ke yanke ko za a kalli takardarsa bayan shekara biyar. Yawancin tallafin digiri na biyu sakamako mai daraja ta biyu ta sama suke nema. Wanda bai san haka ba sai a aji huɗu, ya makara.

Abu na ƙarshe mutum ne. A Mafara ana buƙatar malami ɗaya, a jami'a ko a kwalejin Abdu Gusau, da ɗaki ɗaya mai kwamfuta da wutar sola, wanda aikinsa shi ne ya san ranar da kowace ƙofa ke buɗewa da ranar da take rufewa, ya karanta wa yara rubutunsu kafin su aika, ya hana su kwafo na wani daga intanet, ya je ya zauna da uban yarinya ya yi masa bayanin inda za ta kwana da wanda zai kula da ita. Shugabannin ƙananan hukumomin uku za su iya biyan wannan mutum da abin da bai kai kuɗin man ayarin motocinsu ba. In ba su yi ba, tsofaffin ɗaliban yankin da ke aiki a Abuja da Kaduna su yi.

Shinkafar damina tana shiga buhu a Oktoba da Nuwamba. Fom ɗin Turkiyya yana buɗewa 10 ga Janairu. Tsakaninsu akwai lokacin da ya isa a gyara suna a NIN, a karɓo takardar sakamako, a je Gusau a yi fasfo, in har an sa maganar a jerin abubuwan da ƙungiya za ta tattauna a taronta na bayan girbi.