Sikolashif ɗin baƙar fata a Amurka: adalci ake nema ko ƙwace? (Zare)

1/ Jama'a ku matso. A Amurka wasu 'yan siyasa sun tashi haiƙan sai sun soke duk wani tallafin karatu da aka ware wa baƙaƙen fata da sauran tsiraru a jami'o'i. Sun ce adalci suke nema. Ni dai a ganina ƙwace ne aka sanya wa babbar riga. Ku biyo ni a hankali 🧵

2/ Mafarin abin: ranar 29 ga Yuni 2023 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da ƙungiyar Edward Blum ta shigar kan Harvard da Jami'ar North Carolina. Kotu ta ce daga ranar, jami'a ba za ta duba launin fatar ɗalibi wajen ba shi gurbin karatu ba.

3/ Ku lura da kyau, gurbi aka ce. Admishan. Hukuncin da Alƙalin Alƙalai John Roberts ya rubuta bai yanke komai kan sikolashif ba. Amma rana ba ta faɗi ba sai da Antoni Janar na Missouri, Andrew Bailey, ya aika wa jami'o'in jihar takarda: ku daina, har da tallafin kuɗi.

4/ Jami'ar Missouri ta bi. A Wisconsin, kakakin majalisar jiha Robin Vos ya yi alƙawarin kawo dokar soke irin wannan tallafi. A Ohio, Antoni Janar Dave Yost ya ja kunnen jami'o'i a farkon 2024, wasu suka dakatar da nasu. Kowa ya ɗauki hukuncin ya ƙara masa gishiri.

5/ Wanda ya fi taɓa ni shi ne na Duke. Tun 1979 suna da tallafi da sunan Reginaldo Howard, baƙar fata na farko da aka zaɓa shugaban ɗaliban jami'ar, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1976. Kuɗin makaranta, ɗaki, abinci, duk a ciki. A 2024 aka rufe shi.

6/ Da Trump ya dawo, ranar 14 ga Fabrairu 2025 ma'aikatar ilimi ta ba makarantu kwana 14: ko ku cire launin fata daga komai, har sikolashif, ko ku rasa kuɗin tarayya. A watan Agusta wata alƙaliya a Maryland ta soke takardar. Amma tsoro ya riga ya shiga.

7/ Har kamfanoni ba su tsira ba. McDonald's na da tallafin HACER na ɗalibai 'yan asalin Latin Amurka, shekara da shekaru. A Janairun 2025 wata ƙungiyar Blum ta maka su a kotu, cikin 'yan makonni suka sasanta, suka cire sharaɗin asali.

8/ To mene ne hujjarsu? Bari in faɗa yadda suke faɗa. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta hana duk makarantar da ke cin kuɗin tarayya nuna bambancin launi. Suka ce in haramun ne a hana baƙi don baƙi ne, haramun ne a hana fari don fari ne. Magana ce mai nauyi, ban raina ta ba.

9/ Amma mu koma Missouri, jihar da ta fara. A shekarun 1930 wani matashi baƙar fata, Lloyd Gaines, ya nemi karatun lauya a Jami'ar Missouri. Takardunsa lafiya lau. Aka ce a'a. Jiha ta ce za ta biya masa kuɗi ya je wata jihar ya karanta, shi dai kada ya shigo cikin fararen.

10/ Kun gane? Jihar nan ta taɓa ware kuɗin karatu bisa launin fata da hannunta, don ta kori baƙaƙe. Gaines ya ƙi karɓa, ya kai har Kotun Ƙoli, ya yi nasara a 1938. A watan Maris 1939 ya fita daga masauƙinsa a Chicago. Har yau ba a sake ganinsa ba.

11/ Sai a 1950 jami'ar ta fara karɓar baƙaƙen fata. An kafa ta a 1839. Shekara 111 ƙofa a garƙame. Tallafin da aka kawo daga baya don rage giɓin kuwa, rana ɗaya aka ce a tattara shi. Haba jama'a.

12/ Wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi. A ƙididdigar Babban Bankin Amurka ta 2022, dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta kai dala 285,000, ta baƙar fata dala 44,900. Fiye da ninki shida. Kuɗin jami'a kuma iri ɗaya ake cajin kowa.

13/ Wannan tazarar ba lalaci ya kawo ta ba. Misali ɗaya: dokar 1944 da ta ba tsofaffin sojoji karatu da rancen gida. A jihohin kudu fararen jami'ai ke rabon, baƙaƙen da suka yi yaƙin da yawa suka tashi a tutar babu. Gida da digiri kuwa gado ne, jikoki ke ci.

14/ Kuma wai nawa ne kuɗin da ake ta hayaniya a kai? Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya duba a 1994, ya samu tallafin da aka ware wa tsiraru bai wuce kashi 5 cikin 100 na sikolashif ɗin masu digiri ba. Tsohon lissafi ne, amma ya nuna girman abin.

15/ Ga inda na fi jin haushi. Takardun shari'ar Harvard ɗin nan sun nuna kusan kashi 43 cikin 100 na fararen da aka ɗauka 'yan wasa ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko na ma'aikata, ko waɗanda ke jerin alfarma, har da 'ya'yan masu ba da gudummawa.

16/ Wato in kakanka ya yi Harvard lokacin da kakan wani ko bakin ƙofa ba ya zuwa, kai kana da fifiko, kuma babu laifi. Jihohi kamar Colorado, Virginia da Kalifoniya sun yi dokar hana wannan gata. Masu ihun "cancanta" fa, ina takardar kwana 14 a kan wannan?

17/ Wani zai ce: talakan farar fata fa? Gaskiya ne, yana nan, kuma yana buƙata. Akwai ma 'ya'yan masu hali daga Afirka, har da namu, da suka ci tallafin da aka yi don jikokin bayi. In za a koma duba talauci, ni ban ƙi ba. Sai dai a duba dukiyar gida, banda albashi kaɗai.

18/ Kuma a zuba kuɗi na gaske. Kalifoniya ta hana duba launi tun 1996. Jami'ar jihar da bakinta ta shaida wa Kotun Ƙoli ta kashe sama da dala miliyan 500 kan wasu hanyoyin, amma ba ta cike giɓin ba. Mai son talaka ƙara tukunya yake yi, ba ya kife ta wani.

19/ Me ya shafe mu? A jami'o'in tarayyar Najeriya rabon gurbi 45 ne na cancanta, 35 na yankin da jami'a take, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimi, yawancinsu na Arewa. Tarihinmu daban da nasu, amma gardamar ita ce dai. Kullum muna shan gorinta a nan.

20/ Darasin: abin da doka ta ba ka, wata dokar za ta iya karɓewa da safe ɗaya. Baƙaƙen Amurka tsiraru ne, ba su da yawan ƙuri'ar da za su kare nasu. Mu muna da gwamnoni da kasafi, amma je ka ga firamaren ƙauyenku. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ruwa za mu nema.

21/ Matsayata ke nan: a bar tallafin har sai an kawo abin da ya fi shi, kuma a fara soke gatan 'ya'yan manya tukuna. Kai da kake ganin kuskure ne a duba launi ko jiha kwata-kwata, faɗa min da me za ka maye gurbinsa. Ina karanta amsoshi. Banda zagi don Allah.