Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugaban Hukumar NITDA, Malam Kashifu Inuwa Abdullahi

Ranka ya daɗe, na rubuto ne daga Muciya, Sabon Garin Zariya, kan wani lamari da ka fi ni saninsa, amma waɗanda abin ke iya cutarwa ba su da labarinsa.

Duk wanda ya rubuta adireshin bankinsa ko na JAMB a waya ko kwamfuta, sai na'urar ta fara tambayar DNS, wato tsarin da ke mayar da suna zuwa lambar da intanet ke ganewa. Wasu ƙananan manhajoji ne ke kai wannan aike su dawo da amsa, yawancinsu na kyauta, kowa na iya duba yadda aka rubuta su. Idan aka sami ɓaraka a cikinsu, ɓarawo na iya cusa amsar ƙarya. Mutum ya rubuta adireshi daidai, a kai shi shafin bogi, ya miƙa lambar sirrinsa da hannunsa.

An sha gani. A Fabrairun 2016 injiniyoyin Google da Red Hat suka bayyana ɓaraka a ɗaya daga cikin waɗannan manhajoji, wato glibc, wadda ta zauna tun 2008 a na'urori masu amfani da Linux. A shekarar kuma aka gano kuskuren bayit ɗaya tak a manhajar c-ares, wanda wani mai bincike ya bi ta kansa har ya karɓe ikon kwamfutar Chromebook. Wadda ta fi kusa da mu ita ce dnsmasq, domin tana cikin ɗimbin na'urorin raba intanet na gida da shago, wato rauta. A Janairun 2021 kamfanin JSOF ya fallasa ɓaraka 7 a cikinta, aka toshe su a fitowa ta 2.83.

To, ranka ya daɗe, an toshe a can, amma gyaran ya iso nan? Ka dubi shagunan intanet na Samaru inda ɗaliban ABU ke rajista da biyan kuɗin makaranta, da ƙananan ofisoshi da shagunan Sabon Gari. Rauta ake saya a jona, in dai fitilarta na ci, shi ke nan. Mai shago bai san akwai manhajar da ake sabuntawa a cikinta ba, wanda ya sayar masa bai faɗa masa ba, wani lokacin ma kamfanin da ya ƙera ta ya daina fitar da gyara. Ban ga laifin masu rubuta waɗannan manhajoji ba. Da yawansu aikin sa kai suke yi, kuma sukan gyara da zarar an sanar da su. Tsakaninsu da mu ne igiyar ta tsinke.

Hukumarka na da sashen CERRT mai fitar da gargaɗi, sai dai gargaɗin Turanci a shafin intanet ba ya zuwa Muciya. A mayar da shi Hausa, a kai shi rediyo, a faɗi sunan na'urar da abin da mai ita zai yi. Ku kuma zauna da NCC, wadda ke tantance na'urorin sadarwa kafin su shiga kasuwa, a wajabta wa dillalai bayyana shekarar da gyaran kowace rauta zai ƙare.

Ga ɗaliban kimiyyar kwamfuta nan a ABU. A horar da su, a tura su shago shago su duba, su sabunta. Ina roƙon a fara gwajin da Zariya.

Wassalam.

Wani mai gyaran kwamfuta,
Muciya, Sabon Gari, Zariya.