Ɗalibin da bai san bai sani ba

Sakamako ya fara fitowa a jami'o'i, kuma duk inda na zauna a makon nan kuka ɗaya nake ji daga bakin 'ya'yanmu da ƙannenmu: wallahi na yi karatu, malamin ne ya kayar da ni. Akwai malamai marasa tsoron Allah, na sha rubutu a kansu. Amma abin da ya fi sosa mini rai shi ne yawancin yaran nan gaskiya suke faɗa. Sun kwana a aji har kiran assalatu, sun bi handawut sau huɗu sau biyar, sun ja layi ƙarƙashin kowace jimla, sun shiga ɗakin jarrabawa da yaƙinin sun iya. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce musu wannan yaƙinin ne zai ci amanarsu.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe a kan wannan batu. Tun shekarun 1970 John Flavell na Jami'ar Stanford a Amurka ya buɗe fagen da tambayar ko mai koyo yana iya auna abin da ke kansa, ya rarrabe abin da ya sani da abin da ya saba gani kawai. Binciken da ya biyo baya ya nuna ma'auninmu yana yawan yi mana ƙarya.

A 2006, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis suka bai wa ɗalibai wani gajeren rubutu. Wasu suka yi zama huɗu suna maimaita karanta shi. Wasu kuwa zama ɗaya suka karanta, aka karɓe takardar, sauran zama ukun suka yi ta rubuto abin da suke iya tunawa, ba tare da an gyara musu ba. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaitawa ne a gaba. Bayan mako guda sai reshe ya juya da mujiya: masu maimaitawa suka tuno kashi 40 cikin 100, waɗanda suka sha wahalar tunowa suka kawo kashi 61. Ga inda gizo ke saƙar. Kafin wannan gwajin an tambaye su yadda suke ganin za su riƙe karatun, kuma masu maimaitawan nan su ne suka fi amincewa da kansu. Dalilin a fili yake. Duk shafin da ka bi sau biyar ido zai saba da shi, kalmomin su riƙa tafiya sumul, zuciya ta ce maka ai ka iya. Ranar jarrabawa kuwa shafin ba ya gabanka, farar takarda ce da kai.

Su Karpicke sun sake tambayar ɗalibai 177 a 2009 yadda suke karatu. Kashi 84 cikin 100 suka ambaci maimaita karantawa, kashi 11 kacal suka ce suna rufe littafi su gwada kansu. A 2013 John Dunlosky da abokan aikinsa suka tace dabarun karatu 10. Jan layi da maimaita karantawa suka faɗo cikin masu ƙarancin amfani, biyu ne suka zo sama: gwada kai, da rarraba karatu cikin kwanaki maimakon tara shi dare ɗaya.

Yanzu don Allah wanda ya yi makarantar allo ya gaya mini, mene ne sabo a nan? Wane malami ne zai bar ka ka wanke allo don ka ce ka ji a ranka ka iya? Kifa allon za ka yi, ka kawo karatun da ka a gabansa, in ka yi tuntuɓe ka koma. Bayan ka wuce ma ba ka tsira ba, ga tishi, ga tilawa dare da safe, na baya yana dawowa kafin ya gudu. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka ta wannan hanya ya kai. Za a ce hadda daban, fahimta daban, kuma haka ne, amma wanda bai iya fito da abu daga kansa ba da me zai yi nazarin? Mun baro tsarin da ke tilasta wa yaro ya gane iyakar saninsa kullum, muka kai shi inda ba a tambayarsa komai sai ƙarshen zango.

Laifin jami'o'in ne, kuma ba zan sassauta ba. Malami ya shigo ya yi shifta awa biyu, ko ya karanto rubutun da ya shekara goma bai taɓa ba, ya yi tes ɗaya tak, takardun ma ba a mayar wa ɗalibai balle su ga inda suka kuskure. Ga cinikin handawut da aka hana a baki ake yi a aikace. Ga yajin aiki irin na 2022 da ya cinye wata takwas, aka dawo ana cusa karatun zango cikin 'yan makonni. Akwai ma kwas na dabarun karatu da amfani da laburare a shekarar farko, shi ma haddace shi ake yi daren jarrabawa a manta. Wannan cin amana ne, ko da wa ya yi shi.

Ɗalibai su ma sai sun yi haƙuri da malamin da ke wahalar da su. A Jami'ar Harvard, binciken da Louis Deslauriers ya jagoranta a 2019 ya gano ɗaliban fiziks da aka sa su warware matsaloli a aji sun fi cin gwaji, alhali a ransu gani suke sun fi ƙaruwa da lakca mai daɗin saurare. Malamin da kuke yabo don komai nasa na shiga kunne ba lallai ne shi ya fi amfanar ku ba.

Na san za a kawo mini uzurin aji mai mutum 500. Minti biyar na farkon lakca, kowa ya rufe littafi ya rubuta abin da aka yi makon jiya, sannan a buɗe kowa ya duba nasa, wannan ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko izinin hukumar jami'o'i.

Ke ɗiyata, kai ɗana, zango na biyu na tafe. In kun karanta shafi ku kifa shi, ku rubuta abin da ya zauna, ku duba, bayan kwana biyu ku sake. Malamai kuma ku ji tsoron Allah ku riƙa mayar wa yaran nan takardun tes ɗinsu.