DANDALIN 'YAN KALLO: Wai shin baƙin gefen tabilet yana jin taɓi?

Duk wanda ya saba zama a shagunan caji da tura finafinai na cikin garin Rano bayan sallar isha'i ya san wannan rigimar. Samari biyar ko shida sun yi cincirindo a kan tabilet guda, ana kallon Labarina ko wani Indiya-Hausa na Algaita, an zo daidai wurin da asiri zai tonu, kowa ya yi tsit. Kwatsam sai fim ya yi tsalle ya wuce gaba, ko sauti ya ɗauke, ko ma a tsinci kai a waje gaba ɗaya. Nan take sai a yi caa a kan wanda ke riƙe da na'urar. Shi kuma ya shiga rantse-rantse, wallahi shi bai taɓa gilashi ba, baƙin gefen nan kawai ya riƙe.

Daga nan musu ya tashi. Wasu su ce ai gefen ma yana ji, wasu su ce ƙarya ne, hannunsa ne ba ya zama wuri ɗaya. Haka abin yake a Kibiya, haka a Rurum da Saya-Saya, duk inda tabilet ta gaji gidan kallo.

Da a musu abin ya tsaya, da da sauƙi. To amma akwai kuɗi a ciki. Yaro ya yi ƙwadagon damina ko ya yi ta kabu-kabu ya tara ya sayi 'yar tabilet ɗinsa ta hannu, sai wannan tsalle-tsallen ya sa masa zargin ta lalace. Ya hau mota ya tafi Kano, Farm Centre ko Beirut, in bai yi sa'ar mai gyara mai tsoron Allah ba a ce masa sikirin ne, sai an canza. A cire masa na asali a sa masa na bogi, ya dawo gida fim ya ci gaba da tsallensa.

Gaskiyar magana ita ce, a kusan duk tabilet ɗin da ke hannun jama'a a yanzu, Tecno ce ko Itel ko Samsung ko iPad, wannan baƙin gefen ba ya jin komai. Fenti ne a ƙarƙashin gilashi, an yi shi don ya rufe wayoyin da ke ciki, kuma hannu ya sami wurin riƙewa. Abin da ke jin taɓi wata siririyar fata ce da aka shimfiɗa a kan wurin da hoto ke fitowa, tana aiki ne da ɗan lantarkin da ke jikin ɗan Adam. Shi ya sa tsinke ko murfin biro ba sa motsa ta, saɓanin wayoyin Caina na da masu ɗan sanda, waɗanda sai an danna da ƙarfi.

Amma fa masu cewa gefe yana ji ba daga sama suka tsinto maganar ba. An taɓa yin irinta. A watan Afrilu na 2011, lokacin da BlackBerry ke tashe a Nijeriya, har 'yan Kudu suka yi fim mai suna BlackBerry Babes, kamfanin RIM na ƙasar Kanada ya fito da wata tabilet mai inci 7 da ya kira PlayBook. Ita kam gefenta yana ji da gaske, domin ba ta da maɓallin komawa gida a fuskarta. Idan mutum ya ɗora yatsa a baƙin gefen ƙasa ya ja sama, sai abin da yake kallo ya ƙanƙance ya ba shi hanya. Ya ja daga gefen sama zuwa ƙasa, zaɓuɓɓuka su sauko. Ya ja daga dama ko hagu, ya tsallaka zuwa wani abin da ya buɗe. Ko barci take yi, ana tashinta ne da jan yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Dabara ce mai kyau ƙwarai, sai dai kasuwa ba ta karɓe ta ba. Ta fito babu BBM nata na kanta sai an haɗa ta da waya, alhali don BBM ɗin ake rububin BlackBerry. Kafin 2011 ta ƙare kamfanin ya bayyana asarar dala miliyan 485 a kan waɗanda suka yi kwantai, kuma a ranar 4 ga Janairun 2022 aka rufe hidimarta kwata-kwata.

Akwai kuma tsofaffin Samsung da Tecno masu alamomi biyu ko uku a baƙin gefen ƙasa, na komawa baya da na duba abubuwan da aka buɗe. Waɗannan alamomin suna jin taɓi, kuma idan an kwantar da tabilet don kallo, a daidai nan babban yatsa yake sauka. Mai irin wannan in ya rantse bai taɓa gilashi ba, bai yi kaffara ba.

To, su sababbin fa, me ke sa su tsalle? Abu na farko, gefen ne ya sirance. Kamfanoni suna gasar faɗaɗa hoto, wurin riƙewa yana ta raguwa, tudun yatsa yana lekawa cikin sikirin mai shi bai sani ba. Apple ma da ya fito da iPad mini a 2012 mai siririn gefe, sai da ya koya mata yadda za ta bambance yatsan da ke riƙo da yatsan da ke aiki. Masu araha da yawa ba su da wannan wayon. Na biyu, tun daga Android 10 da ta fito a 2019, an kawo tsarin da jan yatsa daga bakin dama ko hagu yake nufin koma baya, ja daga ƙasa kuma yake nufin fita. Mutum zai ga kamar daga baƙin gefe ya faro, amma na'urar ba ta san da shi ba sai da yatsan ya shigo layin farko na hoto.

Sai babban mai laifin, wato manhajar kallon kanta. Mafi yawan finafinan da ake turawa a memori da MX Player ko VLC ake buɗe su, kuma su biyun an yi su ne su riƙa karanta shafa. Jan yatsa sama ko ƙasa a ɓangaren hagu yana ƙara haske ko ya rage, a ɓangaren dama sauti ne, ja a kwance kuwa shi ke tura fim gaba ko baya. Ga mai kallo shi kaɗai a ɗaki wannan gata ne. Ga mutum shida da ke miƙa wa juna, kowa yana nuna Nafisa Abdullahi da yatsa, fitina ce. A YouTube ma, inda Saira Movies da Bakori TV ke sakin shirye-shiryensu, taɓi biyu a jere a gefen hoto yana tsallake daƙiƙa 10, kuma komawa baya a neme wurin data yake ci, ga sabis ɗin ƙauye sai a hankali.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne caja. Cajar bogi, musamman a wutar janareta irin ta shagunan caji, tana rikita lantarkin wannan fatar, sai a ga tabilet tana danna kanta ba wanda ya taɓa ta, har wasu su fara ambaton aljanu. Gumin hannu a lokacin bazara da fasasshen gilashin kariya su ma suna haddasa haka.

Saboda haka kafin wani ya biya kuɗin mota zuwa Kano, ya fara zare caja, ya goge gilashi da busasshen ƙyalle, ya ɗora yatsa a kan baƙin gefen zalla ya gani ko wani abu zai motsa. In tsarin jan yatsa ne ke damunsa, a cikin saiti akwai inda ake mayar da maɓallan nan uku na ƙasa. Sannan idan an kunna fim, a duba ƙasan hoto, akwai wata 'yar alama mai siffar kwaɗo a MX Player da VLC, YouTube ma ya sa tasa a 2023. Da an danna ta, sikirin ya kulle, ko yatsu goma aka ɗora fim ba zai gusa ba har sai an buɗe.

Idan an yi duk wannan tabilet ba ta daina danna kanta ba, to a nan ne maganar mai gyara ta taso. Shi ma a tsaya a kansa ya gwada a gaban ido, kuma in ya canza, a karɓo tsohon sikirin a taho da shi gida.